Abin da kuɗinmu ya saya a wurin kamfanin binciken kasuwa

Shekara biyu muka yi muna sarrafa garin kunun gyaɗa a wani ɗan wuri a Kano, muna zuba shi a manyan ledoji muna rarraba wa shaguna, amma ciniki ya ƙi gaba ya ƙi baya. A tsakiyar 2024 ni da abokin kasuwancina muka kasa daidaitawa a kan mafita, shi yana ganin farashi ne matsalar, ni kuma ina zargin ɗanɗanon, don haka muka ɗauki wani kamfanin binciken kasuwa ya raba mana gardama. Kamfanin ba sa'an Ipsos ko Kantar ko Nielsen ba ne, waɗanda sai manyan masana'antu da kamfanonin sadarwa ke iya biyan kuɗinsu. Ƙaramin ofis ne mai ma'aikata ƙalilan, wanda ke ɗaukar masu tambayoyi na wucin gadi duk lokacin da aiki ya samu.

Tun a zaman farko suka shimfiɗa mana hanyoyi uku: a tura tambayoyi ta WhatsApp, ko a kira mutane ta waya, ko a bi gida-gida. Ta farko ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ita ce ake yayi a sana'ar yanzu, tunda ba ta buƙatar kuɗin mota ko alawus na masu yawo. Abin da ya fara burge ni shi ne da kansu suka hana mu zaɓarta, duk da ita ce mafi sauƙi a gare su. Hujjarsu ita ce mai dama kunu a gida galibi matar aure ce ko dattijuwa, wadda wataƙila wayarta ƙarama ce, ko kuma wayar tana hannun maigida da rana, saboda haka amsar da za a tara ta intanet ta ɗalibai da ma'aikatan ofis ce, ba ta masu sayen kayanmu ba. Muka amince da bin gidaje 400 a ƙananan hukumomin Dala da Gwale da Tarauni da Kumbotso, adadin da a lissafi kuskurensa ke tsayawa wajen kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, matuƙar an zaɓi gidajen ba da son rai ba.

A nan ne ƙalubalen farko yake, kuma ba laifin kamfanin ba ne. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta, alhali unguwanni da yawa na gefen birni da a wancan lokaci gonaki ne yau sun cika maƙil da gidaje. Babu wani jerin gidaje da za a zaɓa daga ciki, sai dai mai tambaya ta tashi daga wata alama, kamar masallaci ko makaranta, ta riƙa tsallake gidaje bisa ƙa'idar da aka gindaya mata. Ko kalmar gida ma sai da aka yi mata iyaka, domin a cikin birni ƙofa ɗaya kan tara magidanta huɗu ko biyar, don haka suka ɗauki masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida guda.

Na nemi izinin bin tawagar yini ɗaya, kuma wannan yinin ya koya mini fiye da rahoton da aka ba mu daga baya. Masu tambayoyin duk mata ne, abin da ya zama dole a gidajen da aka rubuta “ba a shiga” a bangon zaure, kuma kowacce tana riƙe da waya mai manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet, tana kuma ajiye wurin da aka yi hira da lokacin da aka fara da wanda aka gama. Amfanin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san tsohuwar cutar sana'ar, wato mai tambaya ya samu inuwar bishiya ya cike takardu ashirin da ka, tunda a kan kowace takarda ake biyansa. Mai kula da tawagar ta nuna mini hirarraki biyu da ta soke saboda an kammala su cikin 'yan mintoci, sannan kowace yamma ana sake kiran wasu daga cikin waɗanda aka tambaya don a tabbatar an je wurinsu. A wannan fanni ban ga abin kushewa ba.

Inda na ga rauni shi ne a cikin tambayoyin kansu. Da Turanci aka rubuta su, sannan aka juya su zuwa Hausa a gurguje, har da ma'aunin nan mai hawa biyar da ke tashi daga “ban ji daɗinsa ba ko kaɗan” zuwa “na ji daɗinsa ƙwarai”. A wani gida a Gwale, ina zaune a zaure ina jiyo su, aka ba wata dattijuwa kunun ta kurɓa, aka karanta mata zaɓin biyar, ta ce, “To 'yar nan, ba laifi, Allah ya sa albarka.” Yarinyar ta danna “na ji daɗinsa” ta wuce tambaya ta gaba. Sai da aka gama, ana sallama a bakin ƙofa, dattijuwar ta ƙara da cewa, “Amma ki gaya musu gyaɗar ba ta ji suya ba, kuma wa zai sayi wannan uban ƙunshi a lokaci ɗaya?” Wannan magana ba ta shiga ko'ina ba, domin an riga an rufe fom. Duk Bahaushe ya san “ba laifi” kan ɗauki yabo, kan kuma ɗauki kara da kawaici, kuma mutumin da aka kawo wa abu kyauta har cikin gidansa ba zai kushe shi a gaban baƙo ba. Da na yi ƙorafi, sun ƙara gurbin rubuta abin da aka faɗa bayan hira, amma a lokacin an riga an ci kusan rabin aikin.

Tambayar kuɗin shiga ma ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Wasu sun amsa da “alhamdu lillahi” suka yi shiru, wasu sun zaci rajistar tallafi ce suka rage, wasu kuma sun ji tsoron haraji. Da an tambayi nawa ake kashewa a cefanen yini, da an fi samun gaskiya.

Akwai abin da ya ɓata mini rai da farko, daga baya na ga dacewarsa. Na nemi lambobin wayar matan da suka yaba kunun don mu tallata musu, kamfanin ya ƙi ƙememe, yana mai kafa hujja da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 da ƙa'idar ESOMAR, ƙungiyar masu binciken kasuwa ta duniya, ƙa'idar da ta raba bincike da talla. An yi wa matan alkawarin sirri kafin su buɗe baki, kuma idan aka saɓa, gobe babu mai buɗe wa wata mai tambaya ƙofa.

Rahoton ya iso bayan mako shida, kuma jinkirin ya yi mana illa a wuri ɗaya. A waɗancan watanni na 2024 hauhawar farashi, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta haura kashi 34 cikin 100, bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, saboda haka farashin da matan suka ce za su iya biya ya tsufa kafin ya iso teburinmu, domin gyaɗa a kasuwar Dawanau da sukari a kasuwar Singa da ita kanta ledar duk sun motsa. Rahoton kuma da Turanci yake, cike da zane-zane masu launi, wasu sakin layin nasa sumul ƙwarai amma babu komai a cikinsu, har na yi zargin manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta tsara su. Sai da muka nace kafin jagoran aikin ya zauna da mu ya warware shi da Hausa.

Duk da haka, a tsakiyar shafukan akwai abu guda da ya biya kuɗin aikin. Uwargida ce ke yanke shawarar sayen garin kunu, amma yaro ake aika shagon unguwa da kuɗin damu ɗaya, kuma babbar abokiyar gogayyarmu ba wata masana'anta ba ce, maƙwabciya ce da ke ƙulla nata a gida tana bayarwa har da bashi. Babbar ledarmu ba ta da gurbi a wannan ciniki, ko da farashinta ya sauka. Mun koma ƙananan ƙulli na damu ɗaya, mun kuma ƙara wa gyaɗar wuta bisa shawarar dattijuwar Gwale, wadda ba ta cikin rahoton. Idan za mu sake ɗaukarsu, kuma ina ganin za mu sake, sharaɗina shi ne a rubuta tambayoyin da Hausa tun daga farko, a gwada su a gidaje goma ina wurin, sannan a miƙo mana sakamakon farashi cikin mako guda ko da sauran rahoton bai kammala ba.