Gilashin Mota a Hunturun Ingila: Liƙi ko Canji?

Da zarar an fara barbaɗa gishiri a titunan Ingila saboda ƙanƙara, sai tambaya ta yi yawa: tsakuwa ta fallatso ta sari gilashin gaba, a liƙe ko a canza?

Liƙi aikin kamar minti 30 ne, kason da inshora ke bar maka kaɗan ne, amma tabon ba ya ɓacewa sarai. Canji ya fi cin aljihu, ga sake saita kyamarar da ke jikin gilashin a sababbin motoci. Jinkiri ne dai ban so: ka kunna hita da asuba, tabo ya zama tsaga. Tabon da ya wuce milimita 10 a saitin direba kuwa yana iya hana mota tsallake MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Mai ɗan tabo nesa da saitin idonsa, liƙi ya ishe shi. Wanda tsaga ta ratsa gabansa, sai canji.