Sharhina kan solar da munka haɗa a gida nan Sakkwato

Jama'a da dama sun dame ni da tambaya kan sola ɗin da munka sa a gidanmu na Mabera, wai ya take, ta biya kuɗinta ko kuwa kwalliya ce kawai, to bari in faɗi abin da na gani sau guda kowa ya huta. Abin da anka haɗa muna: fanel 6 masu wat 550 kowane, inbata 5kVA (na'urar da ke juya wutar fanel da batir ta zama irin wadda kayan gida ke aiki da ita), sai batirin litiyom guda mai 5kWh, wato yunit 5 na wuta. Da waya da ƙarfen ɗaurawa da kuɗin aiki sai da ta haura miliyan 3, kuma kar wani ya riƙe wanga farashi don kayan ga dala suke bi, yau daban gobe daban.

Dalilin sawa ba sai na tsawaita ba. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta wuce 1,000, sannan a Afrilun 2024 anka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da anka ce za a ba wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit kafin a ɗan rage, ga kuma duhun da anka yi a Arewa a Oktoban 2024 sanda layukan da ke kawo muna wuta sunka lalace, sama da mako guda har cajin waya sai da ya zama sana'a.

Da rana kam ba ni da abin cewa sai godiya. Daga ƙarfe 9 na safe zuwa la'asar wuta har ta yi yawa, firiza na aiki, fanka na juyawa, a tada sumo, famfon rijiyar burtsatse, a cika tanki, uwargida ta yi guga, duk a kan rana ba a taɓa batir ba. Cikin azumi da ƙanƙara ke tsada kamar mi, mu ke ba maƙwabta, har uwargida ta fara ƙulla zoɓo da kunun aya tana sayarwa, yanzu in na yi maganar firizar nan sai a ce in tambayi mai ita.

Dare shi ne inda gaskiya take, kuma nan ne masu sayarwa ba su cika son a tsaya ba. Kowa zai ce maka inbata kVA kaza ce tana ɗaukar AC, eh tana ɗauka, amma awa nawa? Inbata ba ta ajiye wuta, batir ke ajiyewa. Ka yi lissafi da kanka, fankar sama ta gargajiya tana cin kusan wat 70, guda 3 na awa 10 sun cinye sama da 2kWh, ka ƙara firiji da ƙwayaye da talabijin, batirin 5kWh zai kai ka asuba amma da kyar. AC mai doki 1 kuwa in ka kunna ta bayan isha'i to ƙarfe 2 na dare za ka ji inbata na kuka, a watan Afrilu kuma da zafi ke wuce digiri 40 wannan ba wasa ba ne, sai dai a koma tsakar gida da tabarma. Mu dai mun canza fankoki zuwa masu ƙaramin ci, AC kuma da rana muke kunna ta ɗaki ya yi sanyi kafin magariba.

Kan batir, ni dai litiyom nake ba mutum shawara ko da ƙarami ne. Batirin tubula, mai ruwan acid, ya fi araha wajen saye amma rabinsa kawai ya kamata ka sha in kana son ya daɗe, ga zuba masa ruwa, ga zafin garin ga da ke cinye shi da wuri, wani aminina a Arkilla bai cika shekara 2 ba nasa sunka fara mutuwa tun tsakar dare. Litiyom kana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba fargaba. Shi ma dai ba ya son zafi, kar a kulle shi a sito mara taga, a nema masa wuri mai iska.

Abin da mutane ba su sani ba, shi kansa fanel zafi na rage masa ƙarfi. Wat ɗin da ke rubuce a bayansa a digiri 25 anka auna, fanel da ke bisa kwano da azahar a Sakkwato kuwa ya wuce nan nesa, shi ya sa ban cika ganin wat 3,300 da fanel 6 ɗin nan ya kamata su ba da a allon inbata ba, kuma a bar rata tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Sai ƙurar hunturu, in ta kwanta bisa gilashin caji ya ja baya sosai, dole a hau a wanke da sassafe kafin ya yi zafi, ruwa da tsumma mai laushi ba omo ba soso. A fuskantar da su kudu da ɗan karkace, in an shimfiɗa su kwance ƙura da ruwa zama suke.

Inda raina ya ɓaci shi ne mai haɗawa. Wayar da ya sa daga fanel zuwa inbata siririya ce tana ɗaukar zafi, bai sa birekan DC mai katse wutar fanel in ta yi matsala ba, bai yi atin ba, wato wayar kariya da ake binnewa a ƙasa, sai da na kira wani injiniya ya sake, ƙarin kuɗi. Shi mai haɗawar na kira shi ya fi a ƙirga, kullum "ranka ya daɗe gani nan tafe", har yau. Ku sa a rubuta maku garanti a takarda da lambar batir, ku duba ɗaurin fanel da kyau don iskar farkon damina ba ta da sabo, kuma a gwada fanel a gabanku saboda akwai waɗanda ake canza wa sitika a ƙara masu wat.

Wani abin takaici, da azahar batir ya cika sauran wutar asara take, babu yadda zan tura ta layi a rage min bil. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, da ma a duba wanga, tare da bashi mai sauƙi ga ma'aikata, don malamin makaranta ba ya da miliyan 3 a ajiye. Wanda bai kai nan ba akwai ƙananan na biya sannu-sannu irin su Sun King, ƙwai da fanka da cajin waya, amma ya tara jimillar abin da zai biya ya kwatanta da farashin kuɗi hannu kafin ya sa hannu.

Makin da na ba ta 8 cikin 10, kuma in Allah ya hore batir na biyu zan ƙara kafin bazara.