Ajin WhatsApp na neman ƙarin albashi da na shiga

Wallahi da shakku na shiga ajin nan, naira 3,000 aka karɓa kuma duk saƙon murya ne. Amma malamar ta san aikinta, ta ce kar ka tunkari oga ranar da ba ciniki ko ransa a ɓace, ka bari sai ya yaba wani aikinka sannan ka roƙi minti goma ku zauna, ba a bakin mota yana sauri ba. Kuma ka faɗi adadi, ka daina "Alhaji a duba ni". Nan ta kama ni, don abin da nake yi ke nan. Matsalarta surutu, ta daɗe kan mafi ƙarancin albashin 70,000 na 2024, mu yaran shago wa ke ba mu wannan? Na dai gwada, Alhaji ya ce bayan sallah.