DIALux evo ko Relux: wanne za ka ɗauka don fitilun titin unguwa?

Salamu alaikum. Injiniya, na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina. Ka ce an ba ku titi mai tsawon kilomita 1.2 a wata sabuwar unguwa, faɗinsa mita 7, hannu biyu. Ɗan kwangila ya riga ya yanke cewa turaku za su zama masu mita 8, a kafa ɗaya kowane mita 30, fitilun kuma na sola ne. Mai aikin ya ce ba zai saki kuɗi ba sai ya ga lissafi a takarda. Kana son sanin wanne za ka sauke ka koya tsakanin DIALux evo da Relux, manhajojin kwamfuta biyu na lissafin hasken fitilu.

In ba ka taɓa riƙe ko ɗaya ba, ɗauki DIALux evo. Amma kada ka ɗauka don ya fi ɗan'uwansa iya lissafi ne na ce haka.

DIALux na kamfanin DIAL ne da ke garin Lüdenscheid a Jamus, kuma evo ɗin da ake yayi yanzu ya fito ne a 2012, ya gaji tsohon DIALux 4. Relux kuwa na wani kamfani ne a Suwizalan, kusa da Basel, babbar manhajarsa ita ce ReluxDesktop. Dukansu a kan Windows suke aiki, dukansu kyauta ake sauke su, kuma a maganar titi ƙa'ida ɗaya suke bi, wato EN 13201 ta ƙasashen Turai. Ka ba su faɗin titi ɗaya, fitila ɗaya, kwalta iri ɗaya, za su ba ka amsar da bambancinta bai taka kara ya karya ba. Na sha gwadawa. Duk ranar da na ga sun saɓa sosai, in na koma na duba, ni ne na saka wani abu daban a ɗayan.

To ina bambancin yake? A hannu yake, wato yadda kake aiki da su. A DIALux evo sashen titi zaman kansa yake yi. Kana buɗe shi zai ba ka miƙaƙƙen titi, sai ka riƙa jera sassansa kamar mai jera bulo: nan wurin mota, nan dakalin tsakiya, nan gefen masu tafiya a ƙasa. Ka zaɓi ajin hasken kowane sashe, ka ɗora fitila, ka rubuta tsayin turke, tazara, tsawon hannun fitila da yadda ta karkata. Nan take zai nuna maka abin da ya cika da koriyar alama, wanda ya faɗi da ja. Sabon shiga yakan gane kansa a yini ɗaya ko biyu. Relux ma yana da nasa sashen titin, yana yin duk wannan, sai dai fuskarsa ta fi cika da tagogi da lambobi. Wanda ya saba da AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, ba zai ji baƙunta ba, wasu abokan aikina ma sun fi son sa don sun ce ya fi barin mutum ya ga abin da yake taɓawa. Sannan a tsohuwar kwamfutata Relux ya fi sauƙin tashi, evo kuwa da zarar ka fita daga sashen titi ka shiga zanen fili mai gine-gine, fankar kwamfuta za ta fara kuka.

Abin da ya rinjaye ni zuwa DIALux shi ne jama'a. Darussansa sun fi yawa a YouTube, kuma yawancin injiniyoyin da za su duba aikinka rahotonsa suka saba gani. In ka maƙale da ƙarfe goma na dare, ka fi saurin samun wanda zai cire ka. Akwai na uku, AGi32 na Amurka, mai ƙarfi ne ƙwarai, amma na kuɗi ne kuma ya fi karkata ga ƙa'idar Amurkawa ta RP-8. Don titi ɗaya na unguwa, bar shi kawai.

Yanzu ga inda nake son ka nutsu, don nan ne aikin yake lalacewa ko da wace manhaja ka ɗauka. Babu ɗayansu da ya san fitilarka. Abin da suka sani shi ne fayil ɗin da aka ba su, IES ko LDT, wanda ke ɗauke da sakamakon gwajin da aka yi wa fitilar a ɗakin awo: haske nawa take fitarwa, kuma ta wace kusurwa take watsa shi. Manyan kamfanonin fitila da suke mambobin DIAL ko Relux suna da kundinsu a ciki, danna ka ɗauka. Daga kuɗin waɗannan mambobin ne ma manhajojin suke zama kyauta. Shi ya sa a sababbin fitowar DIALux evo, amfani da fitilar kamfanin da ba mamba ba ya koma sai da lasisin biya. Fitilun sola da ake sayarwa a kasuwanninmu kuwa mafi yawansu ba na mambobi ba ne. Saboda haka kafin ka kashe makonninka a kan ɗaya daga cikin manhajojin biyu, karɓi fayil ɗin daga hannun mai kawo kayan, ka gwada shigar da shi a kowanne. Wanda ya karɓa ba tare da ya tsayar da kai a ƙofa ba, ya riga ya ci rabin gasar, ko da kuwa Relux ne.

Kuma karɓar fayil ba ita ce ƙarshen magana ba. Wani mai kawo kaya ya taɓa turo mini IES na wata fitilar sola da aka rubuta wat 300 a kwalinta. Na saka, komai ya fito kore shar, har na fara murna. Da aka kafa turaku shida na gwaji muka je bayan isha, sai ga haske dunƙule a gindin kowane turke kamar an kifa kwano, tsakani kuwa duhu, mai keke yana shiga ya ɓace sai ya kusa turke na gaba ya sake bayyana. Da na dawo gida na buɗe fayil ɗin da Notepad, tunda IES rubutu ne kawai, sai na ga sunan wani kamfani daban da lambar wata fitila daban a layukan farko. Aron fayil aka yi. Tun daga ranar ba na yarda da IES sai na buɗe shi na karanta kansa, na gwada lumen ɗin da ke ciki, wato yawan hasken da fitilar ke fitarwa, da girman batir da farantin solar da ke jikin kayan.

Kana iya yin ƙiyasi da biro kafin ka kunna kwamfuta. Tsakanin turaku biyu kana da mita 30 sau 7, murabba'in mita 210 ke nan. In kana son matsakaicin luks 10 a ƙasa (luks ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya), lumen 2,100 ne za su sauka a kan kwaltar. Amma ba duk hasken fitila ke faɗawa titi ba, mu ce kashi 45 cikin ɗari, sannan ka cire na tsufa da ƙura, mu ce 0.7 na hasken ne zai saura. Sai ka ga kana bukatar lumen wajen 6,700, wanda fitilar LED mai kyau ta wat 50 na gaskiya za ta iya bayarwa. Idan mai wat 300 ta kasa, ka san lambar kwali ado ce.

Maganar aji kuma, nan ma hanyarsu ɗaya, kai ne za ka zaɓa. Ajin M na titin mota ne, M1 zuwa M6, kuma ba hasken da ya sauka yake aunawa ba, hasken da kwalta ta mayar wa idon direba ne, direban da aka ƙaddara yana mita 60 baya, idonsa mita 1.5 daga ƙasa. Da kandela a murabba'in mita ake auna wannan hasken: M4 yana neman 0.75, daidaituwar haske gaba ɗaya 0.40, ta tsawon hanya 0.60, kashe idon direba kuma kada ya wuce kashi 15. M3 yana neman kandela 1.0, M5 kuma 0.50. Ajin C na mahaɗa da shataletale ne, ajin P na masu ƙafa da ƙananan layuka, su biyun da luks ake auna su. P4 misali matsakaicin luks 5 ne, mafi ƙanƙanta 1. Tunda ajin M ya dogara da kwalta, manhajar za ta tambaye ka irin shimfiɗar. R3 ita ce aka fi ɗauka don kwalta, R1 don kankare mai haske. Idan titin naku burji ne ko intalok, ko kuma kwalta ce da rairayi ya rufe rabinta, teburin R3 ba ya wakiltarsa. A irin wannan ni ajin P ko C nake bi, in auna abin da ya sauka a ƙasa, don shi ne zan iya komawa da mitar luks in tabbatar a gaban mai aikin.

Tsarin ɗan kwangilarku ba hauka ba ne. Abin da aka saba shi ne in faɗin titi bai wuce tsayin turke ba, gefe ɗaya ya isa, tazara kuma ta zama ninki uku zuwa huɗu na tsayin. Mita 30 a kan mita 8 tana ciki, ko da yake ta doshi baki. Amfanin manhaja shi ne ta gaya maka ko wannan fitilar takamaimai za ta iya. Dukansu suna da wurin da za ka ba su iyaka, ka ce gwada tazara daga 25 zuwa 40, tsayi daga 7 zuwa 9, su tace maka waɗanda suka cika ƙa'ida. Ba ƙaramin abu ba ne: a kilomita 1.2, tazarar 30 turaku 41 ce, ta 35 kuma 36. Turaku biyar da faranti da batir da ginin gindi, ka san kuɗin da ake magana. Sai dai ka auna inda turken zai tsaya da gaske. In akwai lambatu a gefen titi, turke bayansa zai koma, fitilar ta ja baya da mita ɗaya ko fiye, layin can ƙetare ya rasa haske. Mutane kan gyara wannan da ɗaga kan fitila sama, daga nan kuma sai ta fara dallare idon direba, alamar kashe ido ta koma ja.

Akwai lambar da ake rage haske da ita saboda tsufa da datti. DIALux evo yakan fara da 0.67 a sashen titi, kuma na ga masu ɗaga ta zuwa 0.90 don rahoto ya yi kore. A garin da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura wata uku, kuma babu mai hawa ya goge gilashin fitila, wannan yaudarar kai ce. Bar ta inda take ko kusa da nan.

Abin da babu ɗayansu da zai yi maka shi ne lissafin sola. Ba za su gaya maka girman faranti ba, ko batir zai kai asuba bayan kwana biyu na hadari a watan Agusta. Wannan lissafi ne daban. Kuma yawancin fitilun sola suna rage ƙarfi da kansu in dare ya raba, wasu zuwa rabi ko ƙasa da haka. Don haka ka yi lissafi biyu, ɗaya da cikakken haske, ɗaya da ragagge, ka saka duka a rahoton, mai aikin ya san abin da masu fita sallar asuba za su tarar. Haka nan sashen titi bai san da darbejiyar da ke ƙofar gidan mutane ba, bai san rumfar mai shayi ba, bai san kwana ba, miƙaƙƙen titi kawai ya sani. Idan akwai mahaɗa ko shataletale a hanyar, sai ka shigo da zanen DWG, wato na AutoCAD, a sashen fili ka yi ta daban da ajin C. A nan wanda ya saba da zane zai fi jin daɗin Relux, mai son hoto mai kyau na nuna wa shugabanni kuma evo ya fi masa.

Turo fayil ɗin IES da ɗan kwangilar ya ba ka, tare da hoton takardar bayanan fitilar, da nisan lambatu daga bakin kwalta. Zan saka shi a duka biyun a daren nan in Allah ya yarda, mu ga ko mita 30 ɗin za ta tsaya.