Ɓallin ƙashi a gaɓar dokin sukuwa: hutu ko tiyata?

Alhaji, ka ce ingarmanka yana ɗingishi da ƙafar gaba tun da ya dawo daga sukuwa, gaɓar nan da ke lotsawa a saman kofato ta kumbura, hoton ƙashi kuma ya nuna ɗan guntu ya ɓalle. Kana tambaya a hutar da shi ne ko a yi masa aiki.

Kafin komai, likita ya tabbatar ɓallin ne ke sa ɗingishin. Zai lanƙwasa gaɓar ya riƙe kamar minti ɗaya, a ja dokin ya yi sassarfa, sannan ya yi allurar kashe zafi cikin gaɓar. In ɗingishin ya ɗauke, an gano wurin. Na faɗi haka ne don akwai ɓallin da ke zaune a bayan gaɓar ƙafar baya bai dami doki da komai ba.

Hutu ya fi arha, kuma ba a sa doki barci. Yana yi idan ɓallin bai wuce milimita 2 ba kuma bai gusa daga gurbinsa ba. Amma wata 3 zuwa 4 ne a barga, ƙashin kuma yana nan. Ran da doki ya koma gudu, gaɓar tana lotsawa har ta kusa taɓa ƙasa, ɓallin ya riƙa gurzar guringuntsi kamar tsakuwa a takalmi. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amosanin gaɓa ke biyo baya.

Tiyatar kuwa ƙananan huji biyu ne: a zura siririyar kyamara ta ɗaya, a ciro ɓallin da ɗan hantsaki ta ɗayan, a wanke gaɓar. In guringuntsi bai lalace ba, cikin mako 6 zuwa 8 yakan fara atisaye a hankali. Tana da tsada, ba kowane asibitin dabbobi ke da na'urar ba, kuma akwai haɗari lokacin da doki ke yunƙurin miƙewa daga maganin barci.

Da dokin hawan Sallah ne mai tafiyar ƙasaita, da na ce a gwada hutu. Naka na sukuwa ne, ni dai a cire da wuri. Abin da nake roƙonka, kada a yi masa lalas, wuta ba ta kai ga ƙashin da ke cikin gaɓa. Kada kuma a danne zafin da allura a sake shi fili. Yana gudu ne a kan ciwon da ba ya ji, gaɓar tana ƙara cinyewa.