Baje kolin bana a Maradi: kayan kirki suna rumfunan baya

Duk wanda zai je baje kolin amfanin gona da sana'ar hannu da ake ci yanzu a Maradi, shawarata gare shi kada ya ɓata lokaci a bakin ƙofa. Ya wuce layin farko, ya zarce can ƙurya inda aka ajiye ƙungiyoyin mata da masu iri da masu awaki. Ni da maigidana mun wuni a ciki ranar Asabar, kuma duk abin da ya faranta mana rai a can baya muka same shi.

Rumfunan gaba, waɗanda suka samu inuwa mai kyau da shimfiɗa, na ƴan kasuwa ne masu saro kaya daga waje: robobi, kuloli, atamfa, turaren kwalba, cajar waya. Babu ɗaya a ciki da ba za ka samu a babbar kasuwa ba kowace ranar Allah, kuma kuɗin bai fi sauƙi ba. Ga lasifika kowa ya ƙure tasa. Ban tsaya ba.

Sana'ata kunun aya ce, ina ƙullawa a leda ina sayarwa a unguwarmu ta Zariya, saboda haka rumfar masu aya na fara nema. Na tarar da matan wata ƙungiya daga wajen Cadawa, sun zuba aya iri biyu a kwarya, manya da ƙanana, ga dakuwa a gefe, ga garin aya a leda mai tambari. Abin da ya fara ɗaukar hankalina tsabta ce. Mai sana'ar aya ta san wahalarta: ana tonon ta ne a rairaya ƙasa, shi ya sa tsakuwa ba ta rabuwa da ita, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta sa mai inji ya kore ka. Na cusa hannu har ƙasan kwarya, na damƙo, na baza a tafi. Babu tsakuwa, babu ruɓaɓɓiya.

Tsohuwar da ke zaune bakin rumfar ta yi dariya ta ce, “Ɗiyata, duba da kyau. Da hannu muka tsince ta, ɗaya bayan ɗaya.”

Na ce, “Inna, nawa tiya?”

Ta faɗi kuɗin, ya ɗara na kasuwa da dala ashirin. Ban yi ciniki ba, domin na san yinin da nake ɓatawa wajen tsinta ya fi dala ashirin nesa. Ƙananan na saya, su suka fi zaƙi da mai, su ne na kunu. Manyan sun fi daɗin tauna. Wannan ayar da muke rainawa, ta ƙasar Agiye da Gazawa da Madarunfa, ita ake lodawa a manyan motoci zuwa Najeriya, har Sifaniya tana kaiwa, inda su ma suke yin nasu abin sha da ita. Ya kamata a ce ita ce abin da baƙo zai fara cin karo da shi in ya shigo baje kolin Maradi.

Da hira ta yi nisa, matan suka ce da kuɗin asusu suka sayi injin ɗaure leda. Tsarin Mata Masu Dubara ne, wanda ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da yawa: kowace mace ta zuba abin da aka yanka duk mako, mai buƙata ta ci bashi ta mayar da ɗan ƙari. Mahaifiyata ta yi shi, ni ma ina ciki. Ganin asusu irin namu ya kai ga inji da tambari ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai. Kusa da su akwai masu man riɗi da man gyaɗa da busasshen zogale. Mai man riɗin ta buɗe kwalba ta ba ni na shinshina, na ɗanɗana, kafin ta yi maganar kuɗi.

Maigidana kuwa yana da gona wajen Jiratawa, kuma bara ƙwaro ya cinye masa wake a ɗaki kafin kuɗinsa ya tashi. Da ya hango rumfar buhun PICS, buhun ajiyar wake da hatsi mai hana ƙwaro, sai ya ce, “Uwargida, ki ba ni lokaci a nan.” Wani saurayi malamin gona ne a wurin, kuma ya cancanci yabo. Bai tsaya ga “saya, yana da kyau” ba. Ya warware buhun gabanmu: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ya nuna yadda ake hura iska a leda a matse don a gane ko ta huje, yadda ake fitar da iska bayan an zuba wake, sannan a murɗe bakin kowace a ɗaure ta daban. Ya ce ba magani ke kashe ƙwaron ba, iskar ciki ce ke ƙare masa. Amma sharaɗi ne wake ya bushe sarai, a ɗora buhu kan katako nesa da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Maigida ya tambaye shi ko buhu zai sake aiki baɗi. Ya ce, “Alhaji, in dai leda ba ta huje ba, zai yi. In ta huje, ka zuba hatsin da za a ci kusa.” Wannan gaskiyar ce ta sa muka saya. A rumfar da ke maƙwabtaka maigida ya ɗauki irin gero na HKP, mai nuna da wuri, saboda damina ta koma ɗaukewa ba sallama.

Wajen dabbobi ma ya yi kyau, ko da yake an matse su wuri guda. An kawo jar akuya ta Maradi, wadda tun 1963 aka buɗe mata cibiyar kiwo a garin nan don kada irinta ya ɓace. Wani dattijo ya nuna mana yadda ake gane ta asali: gashi gajere mai sheƙi, ja bai ɗaya ba tabo, jiki a dunƙule. Wadda ta yi dogayen ƙafafu ko ta yi roɗi-roɗi, an gauraya ta. Tana yawan haihuwar tagwaye, fatarta kuma ita ce dukawa da masu fitar da fata waje suke rububi. Ba mu saya ba, kuɗin da aka sa ya wuce na kasuwar dabbobi sosai.

Abinci babu laifi. Mun ci dambu da kwaɗon zogale bayan azahar, ƙuli-ƙulin ya ji, man bai yi yawa ba. Kilishin da maigida ya saya yaji ya rinjaye shi. Cukun wata Bafulatana daga wajen Dakwaro ya fi komai daɗi, da shayi muka ci shi da muka koma gida.

Abin da ya ɓata mini rai, ina faɗa ne don masu shiryawa su ji. Matan da suka taso daga ƙauye da kayansu a ka, su aka bari ƙarƙashin tsofaffin buhuna, rana na dukansu, iskar hunturu na zuba ƙura a kan kayan ci. Babu ruwan sha kusa da su sai na sayarwa. Wurin alwala na mata ba a kewaye shi ba, makewayi kuwa tun kafin la'asar ya zama ba ya shiguwa. Mai goyo da tsohuwa ba su da bencin hutawa ko ɗaya. Wata ta gaya mini mutane da yawa ba sa isowa wurinsu, suna gajiya tun a layin robobi su juya. In kuɗin rumfa ne ya jawo haka, to a ware layin gaba ga masu kayan gida a rage musu kuɗi, tunda dominsu aka ce ana baje kolin.

Kayan da muka kawo gida na gwada su. Man riɗin zan sake saye, ba shi da gauraye kuma bai yi ɗaci ba. Garin aya yana rage aiki, ya dace da mai son kofi ɗaya da safe, amma kununsa bai kai kaurin na jiƙaƙƙiyar aya da aka niƙa da dabino ba, don haka ba zan yi na sayarwa da shi ba. Ayar kuwa na karɓi lambar shugabar ƙungiyar, mun yi da ita za ta riƙa aiko mini a mota duk ranar kasuwar Cadawa. Wanda zai je ya sammaka kafin rana ta take, ya riƙe canji da buhun zuba kaya da gorar ruwansa.