Sabon fayil yana nan, sabar ta ce 404: Nginx da Apache

Ɗan'uwa, ka ce tsofaffin hotunan shafinka suna buɗewa lafiya lau, amma duk wanda ka ɗora yau sai Nginx, manhajar sabar da ke miƙa shafinka ga masu ziyara, ta ba ka 404, wato ba a samu fayil ɗin ba, alhali kana ganinsa da idonka a cikin folda. Ka kuma tambaya ko komawa Apache, wata manhajar sabar, zai raba ka da matsalar. Ni dai ban ga dalilin ƙaura ba. Bambancinsu a nan shi ne yadda kowacce take faɗa maka abin da ya faru.

Mu fara da izini, don a nan galibi gizo ke saƙa. A Ubuntu da Debian dukansu biyu suna aiki ne da sunan www-data. In ka ɗora fayil da asusunka ya zo da izinin 600, ko sabuwar foldar ta zo da 700, wato kai kaɗai ke da ikon buɗe su, babu wadda za ta iya karantawa. Apache takan fito fili ta ce 403, an hana shiga. Nginx kuwa, in a saitinka akwai try_files $uri =404 (umarnin a nemi fayil, in ba a same shi ba a ce 404) kuma foldar ce ta hana ta wucewa, ƙoƙarin duba fayil ɗin zai gaza, sai ta faɗa kan zaɓin ƙarshe ta ce 404. Kai kana neman abin da ya ɓata, ashe ƙofa ce a kulle. Leƙa /var/log/nginx/error.log, za ka ga layi mai ɗauke da 13: Permission denied. Sannan ka bi hanyar fayil ɗin da umarnin namei -l, ta nuna maka izinin kowace folda tun daga tushe. Folda 755, fayil 644, kada ka yarda da mai cewa ka zuba 777.

Ta fuskar rajistar kurakurai kuma Apache ce mai ƙumbiya-ƙumbiya. Tun daga 2.4, saƙon fayil ɗin da babu shi yana matakin info ne, ita kuwa tana zuwa a kan warn, don haka sai ka mayar da LogLevel, saitin yawan abin da take rubutawa, zuwa info kafin ka ga ainihin hanyar da ta nema.

Akwai wani abu da Nginx ke da shi wanda ya yi kama da ciwonka sosai. In an kunna open_file_cache, ma'ajiyar bayanan fayilolin da ta riga ta duba, tare da open_file_cache_errors, tana riƙe har amsar "babu", kuma ba ta sake dubawa sai bayan daƙiƙa 60 in ba a canza ba. A kashe suke zuwa, amma masu kwafo saiti daga intanet sukan kunna su ba su sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: jira minti ɗaya ka sake buɗewa. In ya fito da kansa, ka kama ɓarawon.

Apache nata tarkon .htaccess ne, fayil ɗin saiti da ake ajiyewa a cikin folda, wanda take karantawa a kowace buƙata in AllowOverride ya ba ta dama. Dokar juya adireshi da ta rasa sharaɗin !-f, wato "in ba fayil ba ne", za ta tura har hotonka zuwa index.php. Nginx ba ta ma kallon wannan fayil, sai dai root da alias, saitunan da ke nuna mata foldar da za ta duba, su ruɗa ka. Umarnin nginx -T da apachectl -S za su nuna maka saitin da ke aiki da gaske.

Wasu matsalolin kuma za su bi ka duk inda ka koma. A Rocky ko AlmaLinux, fayil ɗin da ka matsar da mv yana riƙe tsohuwar alamarsa ta SELinux, tsarin tsaron da ke iya hana sabar karanta shi, sai ka gyara da restorecon -Rv. Kuma a Linux, Hoto.JPG daban, hoto.jpg daban.

Turo mana layin ƙarshe na error.log da abin da namei -l ta fitar.